Fararen Warƙoƙi a Littafin Duktur Munir

Hayyin Ashir ne zangona na farko a Alƙahira, a ƙarshen shekarar 2011. Dillalin gidaje, wanda su can suke kira simsar, ya nuna mana hoton ɗaki mai baranda a wayarsa, sannan ya kai mu wani kurkuku a ƙarƙashin bene wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Mu biyu ne, ni da Isuhu, wani mutumin Maraɗi da muka haɗu a layin rajista. Shi fiƙihu ya zo karantawa, ni kuma adabin Larabci. Da muka ce ai ba wannan ɗakin muka gani ba, sai simsar ya dafa ƙirji ya ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri. Ni mutum ne mai saurin hawa, har na fara naɗe hannun riga. Isuhu ya riƙe ni ya ce, "Habibu, nan hwa ba Haɗeja ba ce. In ka buge shi, wa ka sani?" Ban san kowa ba, don haka muka shimfiɗa katifunmu.

Sanyin watan Janairu ya same ni da riguna marasa kauri. Na ci wake da gurasa har na fara jin haushin waken. A cikin ƙananan motocin haya yara kan leƙo fuskata su yi dariya, manya kuma su tambaye ni ko a ƙasarmu akwai gidaje. Abin da na fi kewa shi ne zauren babana da hantsi, da ƙarar alƙalamin kara a kan takarda. Babana marubucin Alƙur'ani ne, da ka yake rubutawa, kuma tun ina ƙarami ya sa ni a gefensa har hannuna ya faɗa.

Wannan hannun ne ya kai ni zango na biyu. Wata rana ina wani shagon takardu a Hayyin Sabi', ina rubuta takardar neman izinin zama, sai na ji numfashin mutum a kafaɗata. Wani tsoho ne siriri, da kwat mai ruwan toka da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya kusa manna hancinsa a takardata.

"Wa ya koya maka rubutu, ya ibni?" in ji shi, wato ɗana.

Na ce babana.

"Yana raye?"

Na ce yana nan da ransa.

"To ka gaishe shi. Kana da aiki ranar Asabar?"

Sunansa Duktur Munir. Ya yi shekaru yana koyar da Latinanci a jami'a kafin ya yi ritaya, bai taɓa aure ba, kuma yana zaune shi kaɗai a hawa na huɗu tare da littattafan da suka cinye masa ɗakuna biyu. Ni a lokacin abin da na sani game da Latinanci bai wuce cewa yaren tsoffin Rumawa ne ba, kuma masu yaren sun mutu tuntuni. Duktur ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana haɗa tarihin adabin wannan yare da Larabci, tun daga farkonsa har faɗuwar daular. Littafin yana kansa da cikin wasu tarkacen ƙananan katuna da shi ma ya daina iya karantawa, ga hannu yana rawa, ga ido yana tafiya. Ya taɓa gwada masu buga na'ura, suka dagula masa sunayen Rumawa, ya rantse ba zai ƙara ba. Abin da yake so shi ne ya faɗa, wani ya rubuta, sannan a karanta masa ya ji.

Da na ba Isuhu labari ya yi dariya har da tari. "Wato ka baro gida, ka ƙetare hamada, don ka yi ma matattun Rumawa hidima? In Alaramma babanka ya ji wanga labari mi zai ce?"

Ban faɗa wa Baba ba sai daga baya. Amma ranar Asabar na je, kuma na ci gaba da zuwa kusan shekara uku, Asabar da Talata bayan la'asar.

A gidanmu ba a ɗinke littafi, kuma ba a sa wa shafi lamba. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su tsakanin bango biyu a ɗaure da tsirkiya. Abin da ke hana su rikicewa shi ne, idan ka cika warƙa, sai ka rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can ƙasa ta hagu, ita kaɗai. Ko iska ta watsa littafin, mai haƙuri zai bi waɗannan kalmomi ya mayar da shi yadda yake. Ni ban ma san na yi haka a warƙar Duktur ta farko ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ya ɗaga takardar zuwa taga, ya ga kalma ɗaya tana reto a ƙasa, ya tambaye ni mece ce wannan. Da na yi masa bayani sai ya cire tabarau.

"Ka san masu kwafar littattafan Latinanci a Turai ma haka suke yi?" in ji shi. "Shekara talatin ina koya wa ɗalibai wannan a kan allo. Ban taɓa zaton zan ga mai yin sa ya shigo gidana yana shan shayina ba. Khalas, shi ke nan, kada ka sa lamba ko ɗaya. Yi irin na babanka."

Daga bakinsa na ji tarihin, kuma tarihi ne mai ban tausayi. Ya ce adabin ma wani fursunan yaƙi ne ya buɗe shi, bawa ɗan ƙasar waje da ya fassara waƙar Girkawa don 'ya'yan iyayen gidansa su samu abin karantawa. Daga nan aka samu masu wasan ban dariya, da masu huɗuba a gaban majalisa, da mawaƙan soyayya, da wani mawaƙi da sarki ya kora zuwa bakin wani teku mai sanyi inda ba mai jin yarensa, ya yi ta aiko da waƙoƙin roƙo har ya mutu ba a dawo da shi ba. Ranar da muka rubuta babin wannan mutum, sai da na ajiye alƙalami na fita baranda. Duktur ya ƙara mini sukari a shayi.

Amma abin da ya fi damun Duktur shi ne abin da ya ɓata. Ya ce mafi yawan abin da Rumawa suka rubuta ya salwanta. Wani babban littafin tarihi, abin da ya iso mana bai kai rabinsa ba. Wani mawaƙin kuma duk waƙoƙinsa ta kwafi ɗaya tak suka tsira, da ɓera ya rigaye mu da shi ke nan. Wasu an kankare fatar da aka rubuta su a kai an yi wani rubutun. Wasu 'yan guntaye a nan Masar aka tono su cikin yashi, a jujin mutanen da. "Duk abin da ya tsira," in ji shi, "wani ne da ba mu san sunansa ba ya zauna a ɗaki mai sanyi ya kwafe." Mutum ɗaya ne ba ya yafe wa, shi ne magatakardan da ya tarar da giɓi a littafi ya cike da maganarsa. Idan ya zo kan irin wannan har buga tebur yake yi. "Inda ya ɓata, ka bar shi fari! Farar takarda ba ta yi wa kowa ƙarya."

A damina ta 2013, wato lokacin zafinsu, gari ya rikice, aka sa dokar hana fita, motoci suka yi wuya. Ɗalibai da yawa 'yan uwanmu suka koma gida. Baba ya kira ni ya ce in taho idan abin ya yi tsanani. Na ce masa akwai wani malami da nake yi wa rubutu, ba mu gama ba. Ya tambaye ni littafin mene ne, na faɗa masa gaskiya ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Tsoho ne?" Na ce tsoho ne ƙwarai. Ya ce, "To ka gama masa." A ƙafa na riƙa zuwa Hayyin Sabi' a waɗannan makonni, in dawo kafin magariba.

Sau da yawa na ce a kai warƙoƙin shago a ɗauki hotonsu. Duktur ya ƙi. Ya ce ba mai ganin littafinsa da datti a fuska, sai an gama gyara. Ina da waya mai kyamara a aljihuna, kuma yakan shiga ɗaki ya bar ni da kwalin. Ban taɓa ɗaukar hoton ba, domin malami ya ce a'a.

Mun kai ƙarshen littafin a kakar 2014, warƙa ɗari shida da 'yan kai, cikin wani kwalin man girki da ke ƙarƙashin teburinsa. Lokacin jikinsa ya yi nauyi, hawa benen nan sai da hutu uku. Wata Talata, ina shirin tafiya, ya turo kwalin da ƙafarsa zuwa gabana.

"Ɗauki, ya Habib. Tafi da shi ɗakinka."

Ban taɓa kwalin ba. A wurinmu idan tsoho ya fara raba kayansa, kowa ya san abin da yake nufi, kuma ɗan kirki ba ya miƙa hannu ya karɓa. Karɓa kamar ka ce masa ka yarda ne, ya tafi. Na durƙusa na ce, "Haba ya Duktur, Allah ya ja da ranka. Kai da kanka za ka kai shi maɗaba'a, ka gan shi da bango."

"Ni ba addu'a na tambaye ka ba. Cewa na yi ka ɗauka."

"In sha Allahu sai ka warke, mu yi gyaran ƙarshe tare."

Ya dube ni ta cikin tabaran nan ya girgiza kai. "Wannan ladabin naka zai kashe ni kafin ciwo," in ji shi. Na yi dariya, shi bai yi ba. Na mayar da kwalin ƙarƙashin tebur da hannuna, na yi masa sallama, ina sauka daga bene ina jin daɗin cewa na yi abin da ya dace.

Ranar Asabar da na zo, Ammu Sabir mai gadin gidan, wani Basa'ide, mutumin kudancin Masar, mai rawani da ya saba ba ni ruwan sanyi, ya tare ni a ƙofa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Duktur ya rasu ranar Juma'a da safe, an binne shi bayan sallah.

Na hau sama. An jera kujeru a falo, ana karatu a rediyo. Wani mutum mai kimanin shekara hamsin yana karɓar gaisuwa, ɗan ƙanwar Duktur ne, Ustaz Hisham, ya zo daga ƙasar da yake aiki. Ba zan yi masa ƙazafi ba, mutumin kirki ne. Ya ce ya ji labarina a waya, ya zaunar da ni kusa da shi. Kwalin yana nan ƙarƙashin tebur, taku uku daga ƙafata, an ɗora masa farantin kofunan gahawa. Da zan tashi ya raka ni har ƙofa ya ce, "Akwai abin da kake buƙata, ya Habib? Komai ne, faɗi."

Na ce, "Babu komai, sai addu'a."

Ta yaya zan buɗe baki in yi maganar kayan mamaci, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? A gida wanda ya yi haka har ya mutu ana nuna shi da baki. Na ƙudura a raina sai an yi sadakar bakwai, in zo in yi maganar cikin natsuwa. Isuhu ya ce mini, "Kai, tahi gobe. Mutanen ga ba su san bakwai ɗinka ba." Na ce masa shi bai san mutunci ba. Har yau ban nemi gafararsa kan wannan maganar ba, kuma ya kamata.

Rana ta takwas na tarar da ƙofar hawa na huɗu a buɗe, masu fenti suna aiki. Ba tebur, ba kanta, ba takarda ko ɗaya. Ammu Sabir ya ce Ustaz Hisham kwana uku ya yi, hutunsa ya ƙare, ya mayar wa mai gida mabuɗi. Littattafai masu bango wani mai sayar da tsoffin littattafai ya kwashe. Sauran tarkace kuma an kira mai bikiya, irin masu yawo da amalanke suna sayen tsoffin kaya, ya share ɗakin. Na zauna a kan matakala. Ban yi kuka a wurin gaisuwa ba, amma a nan na yi, a gaban masu fenti.

Ammu Sabir ya bar ƙofar da yake gadi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce wa matarsa ta kula. Ya san mai amalanken. Muka same shi a bayan kasuwa yana cin abinci, ya ce takardu ba ya ajiye su, a kan sikeli yake sayar wa wani mai rumbu. Na kira Isuhu, ya bar darasinsa ya zo, bai ce mini "ai na faɗa maka" ba.

Zangon da ya fi kowanne ɗaci shi ne rumbun nan. Takardu ne har rufi, tsoffin jaridu, takardun jarrabawa, rasit na asibiti, duk an zazzage an cakuɗa. Mai rumbun ya fara cewa bai ga komai ba, sai da Ammu Sabir ya yi masa magana da irin muryarsu ta mutanen kudu sannan ya nuna mana wani lungu. Kwana huɗu muna tonon wurin, ni da Isuhu, ƙura tana shiga mana hanci. Abin da ya taimake mu shi ne rubutuna ba ya kama da na kowa a Masar, irin na zauren Baba ne mai kauri, daga nesa ake hango shi. Duk wadda Isuhu ya tsinta sai ya ɗaga ya ce, "Ga wani Barume!" Mun samu da yawa. Sannan mai rumbun ya tuna cewa ya riga ya sayar da buhu ɗaya ga masu suyar ta'amiyya, wato ƙosan Masar, su da ke naɗe wa mutane a takarda.

Na bi su shago shago a Hayyin Sabi'. A na uku na hango hannuna. Mai suyar ya yage warƙa gida biyu, ya murɗa rabin kamar mazurari, ya zuba ƙosai mai zafi, ya miƙa wa wata mata. Na yi tsalle na riƙe hannunsa, har ya ɗaga matsami zai kwaɗa mini. Da na samu numfashi na yi masa bayani, sai ya kashe wutar kaskonsa, ga layin mutane suna jira. Ya fito da duk abin da ya rage a ƙarƙashin kanta, ya goge hannunsa a riga kafin ya miƙo mini. Matar nan ma ta juye ƙosanta a gefen mayafi ta ba ni rabin warƙar, mai ya riga ya huda ta. Mai suyar ya ce, "Tun shekaranjiya nake naɗewa da su. Wallahi ban sani ba, ya ibni. Ma'alish." Wannan ce ma'alish ɗaya da na ji a Masar wadda ta fito daga zuciya.

Mako uku warƙoƙin suna shimfiɗe a ɗakinmu na ƙarƙashin bene, Isuhu yana tsallake su in zai je alwala. Ina ɗaukar warƙa, in duba kalmar da ke ƙasanta, in nemi wadda ta fara da ita. Haka littafin ya riƙa tashi a hankali, babi bayan babi. A wasu wuraren kuma sai in riƙe kalma a bakina in zagaye ɗakin duka, babu warƙar da ta amsa. Da na gama na ƙirga, arba'in da ɗaya babu. Mutanen Hayyin Sabi' sun ci ƙosai a cikinsu sun jefar. Rabin babin mawaƙin da aka kora yana ciki.

Ni na rubuta babin nan, na karanta wa Duktur shi sau biyu, kusan na haddace. Isuhu ya ce, "To mi kake jira? Rubuta abin da ka tuna, wa zai gane?" Na ɗauki alƙalami har na yi layi uku, kuma sun yi kyau, sun yi kama da maganarsa. Nan ne na tsorata. Na yaga takardar. Na je shagon da muka fara haɗuwa na sayo farar takarda, na sa guda ɗaya a duk inda warƙa ta ɓata.

Na kai littafin wurare biyu da ake buga littattafai. Na farko suka ce ba mai sayen tarihin Rumawa a wannan zamani. Na biyu suka ce in kawo izinin magada, kuma in cike giɓin. Lambar Ustaz Hisham da Ammu Sabir ya ba ni ba ta taɓa shiga ba. A 2015 na gama karatuna, na bar wa Isuhu bargona da tukunyata, na sa littafin a jakar hannu na taho da shi.

Kwana biyu da isowata Haɗeja, da hantsi, Baba ya ce in kawo masa aikin da ya riƙe ni a Masar. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, alƙalumansa suna cikin gwangwani sun bushe. Ya ɗora littafin a cinya yana juya warƙoƙin, ba ya karanta cikin, yatsansa kawai yake kaiwa ƙasa ta hagu, sannan sama ta dama, yana duba ko na yi aikin daidai. Ya wuce masu tabon mai. Da ya iso farar warƙa ta farko ya tsaya.

"Nan fa?"

Na ba shi labarin duka, ban rage laifina ba.

"Shi da bakinsa ya ce ka ɗauka?"

"Ya ce, Baba."

"Ka ƙi."

"Na ji nauyi ne."

Ya daɗe yana shafa farar takardar da tafin hannu. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya shiga cikin gida. Ya dawo rungume da tsohuwar gafakarsa, wadda Alƙur'anin da ya rubuta na ƙarshe yake ciki, wanda ya hana kowa taɓawa, ya ƙi sayarwa ko da aka yi ta nema. Ya tsaya a kaina, hannunsa yana rawa irin rawar da na sani a hannun Duktur.

"Ungo, Habibu."

Addu'ar ta riga ta zo bakina, Allah ya ja da ranka, har leɓena ya buɗe. Na haɗiye ta. Na miƙa hannu biyu na karɓa.